Hannun Da Ya Taɓa Bayan Pesamino

Kullum da asuba in na je ɗaukarsa zuwa mayanka, a bayan gida nake tarar da Pesamino, rataye da hannu biyu jikin ƙarfen shanya kamar rigar da aka manta a waje. Yana nishi ƙasa-ƙasa don kada uwarsa ta ji. Ciwon a tsakiyar bayansa yake, ƙasa da kafaɗu kaɗan. In jiki ya ɗau zafi wajen fiɗar shanu sai ya lafa. Kwanciya ce ke tado shi. Da barci ya yi nisa sai ya farka kamar an soka masa tsinke, ya ƙarasa daren a zaune.

Abin da ya ɗaure masa baki shi ne uwarsa, Inna Fuatino. Tun a tsibirinsu na Savai'i aka san ta da tausa, kuma da ta dawo wurin ɗanta nan Brisbane, garejin gidan cika yake ran Lahadi bayan coci. Man kwakwa da ganye, sai hannayenta. Amma hannayen sun soma rawa, mutane suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Pesamino ne bai taɓa fashi ba. Kowace yamma zai kwanta rub da ciki kan tabarma, ta shafa, ya tashi ya ce, "Wallahi kamar an sauke min kaya, Inna." Ƙarya ce. Ni nake ganinsa da asuba.

Ranar da wuƙa ta kuɓuce masa ta faɗi kusa da ƙafata, ban yi masa wa'azi ba. Da aka tashi daga aiki na tuƙa mu zuwa wurin wata Baturiya, Narelle, mai gyaran ƙashin baya.

"Kai, wa ya aike ka?" in ji shi.

"Sauka, ƙaton banza. Gobe yatsana za ka cire."

Ya shiga yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Ina daga waje na ji ƙas, na ji ya kira sunan Ubangiji. Ta danna, ta murɗa, ta koya masa kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ta liƙa masa filasta biyu dogaye a baya. Bai warke a ranar ba. Amma sannu a hankali na fara zuwa in yi ta hon, ya fito da shatin matashi a kumatu.

Kafin mu isa gida kullum sai mu tsaya ya tuɓe riga in ɓamɓare masa filastar.

"A hankali mana, fatar sa ka ɗauka?"

"Ta sa ta fi taka daraja, ana sayenta."

A coci kuwa mutane suka ga ya miƙe. "Pesa, me ka sha?" Sai ya sunkuyar da kai ya ce hannun Inna ne. Garejin ya sake samun baƙi. Tsohuwa ta sayi sabuwar tabarma, tana tafiya tana ɗaga kai. Shi kuma ya daina haɗa ido da ni.

Wata Lahadi ina zaune a bakin garejin, ga mata uku suna jiran layi, Pesamino ya kwanta wa Inna. Idonta ba ya gani sosai, amma yatsu na gani. Ta zuba mai, ta gangaro daga wuya, sai yatsanta ya maƙale a sauran gam ɗin filasta. Ta bi shatin har ƙasa, ta dawo ta bi ɗayan.

"Pesamino, hannun wa ya taɓa bayan nan?"

Ta sake bin shatin da yatsa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Ista, Inna."

Ta goge hannu a zaninta, ta dubi matan. "Ku tafi gida, 'ya'yana. Ashe ba ni ba ce." Ta rufe kwalbar man. Ƙaton da ke ɗaga cinyar sa shi kaɗai ya kasa ɗaga fuska daga tabarma.

Bai bar zuwa wurin Narelle ba, yana da 'ya'ya da zai ciyar. Uwar kuma ba ta sake taɓa shi ba, ba ta sake taɓa kowa ba.

Da na sami aiki a arewacin ƙasar na je yi musu sallama. Tana zaune a garejin, hannaye a cinya suna rawa. Ya fito ba riga, filastar a bayansa kowa na gani, ya kwanta a gabanta.

"Tashi," in ji ta. "Ba na shiga aikin wata."

Ya tashi zaune. Na ɗauka ciki zai koma. Sai ya jawo kwalbar, ya zuba mai a tafinsa, ya kama hannunta na dama. Ta kau da kai wajen titi, amma ba ta janye ba. Na bar shi yana murza mata yatsu, ɗaya bayan ɗaya.