Inna Ba Ta Kiran Sunansa

Yayana shi ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunansa. Haka al'adar take a wajenmu, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari: ba ta ambatonsa, ba ta hira da shi, ba ta nuna wa duniya ta damu da shi. Mata da yawa suna sassautawa in yaro ya girma, su laƙa masa wani suna su riƙa lallaɓawa da shi. Inna kuwa ta riƙe abin kamar farilla. "Wancan" take ce masa. In ta kwashe tuwo sai ta ce mini, "Ki kai ma wancan nashi," alhali yana zaune a bakin ƙofa, in ta miƙa hannu ma sai ta taɓa shi. Tun ina ƙarama abin yake ba ni haushi, kuma har yau bai daina ba.

A Geza muka tashi. Babanmu ya rasu ina goye, ya bar mana gonar shinkafa a fadama. Da shinkafa ta fara nuna sai tsuntsaye su sauko mata, jan baki, garke guda, kowane gida kuma ya tura yaransa kora. Sauran yara ihu suke yi suna kaɗa gwangwani. Yaya ba ya son ihu. Can ƙarshen gona yake tsayawa shi kaɗai, ya tara hoge a gabansa, idonsa a sama. Da garken ya karkato zai sauka sai ya saki hoge, ya tafi ɗoɗar ya fashe a tsakiyarsu. Manya sukan tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallo. Ba wanda ya taɓa zaton wannan jifar za ta raba shi da gida.

Da ya zama saurayi sai kawunmu, mai kai albasa ƙasar Benin, ya tafi da shi Kwatano ya riƙa taya shi sauke kaya. Can ne wata ranar Lahadi ya tsaya a gefen wani fili yana kallon mutane suna wani wasa da sanda da ƙaramar ƙwallo mai tauri. Aka bugo ƙwallon ta faɗo kusa da shi. Ya ɗauka, ya hango wanda ke ɗaga masa hannu a can nesa, ya jefa masa. Ta sauka a ƙirjin mutumin ba ta taɓa ƙasa ba. Mai koyar da su ya bar abin da yake yi ya tako har inda Yaya yake. Kawu ya dawo gida shi kaɗai, yana ta faɗa, wai yaro ya bar albasa ya bi 'yan wasa.

Besbol sunan wasan. Zuwansa gida na farko ya yi ta fama ya fahimtar da mu. Wani ya jefo, wani ya buga da sanda ya ruga. Shi kuma aikinsa tsaron bayan fili: ya tsaya can nesa da kowa, da wata ƙatuwar safar fata a hannun hagu, yana jiran ƙwallon da aka buga sama. In ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita. In ta faɗi, ya tsince ta ya jefa ciki kafin mai gudu ya isa. Inna tana bakin murhu, ta ba mu baya. Sai muka ji ta ce wa tukunya, "Ashe korar tsuntsaye anka tahi yi har Kwatano." Yaya ya yi dariya har da hawaye. Ina jin wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kansa yana wurin.

Daga nan sai yawo. Ƙungiyar Kwatano ta rasa mai ɗaukar nauyinta, ya koma wata a Wagadugu. Wani mai neman 'yan wasa ya gan shi a can, ya kai shi Japan, wata ƙaramar gasa ta garuruwan ƙauye inda ake ɗaukar mutum kakar wasa ɗaya, in ya yi kyau a sabunta, in bai yi ba a sallame shi. Ya yi kyau, aka sabunta. Shekara ta zagayo aka sallame shi, wata ƙungiyar ta ɗauka. Akwai lokacin da ya bugo ya ce an musanya shi, an ba da shi an karɓi wani mai jifa. Na gaya wa Inna. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Musanya? Awa akuya ran kasuwa?"

Na ce haka ake yi a wasan. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ci gaba da tuƙi, amma tuwon ranar ya yi gudaji.

Kowace ƙungiya da hularta, kuma kowace hula sai ya aiko da ita gida, ta biyo direbobin Kwatano zuwa Segbana ta bakin iyaka, ɗan kabu-kabu ya tsallako da ita. Inna ba ta taɓa su a gabana. Ni nake rataye su a ƙusa, amma ban taɓa samun ƙura a kansu ba. Kowace ƙaura kuma da sabuwar lambar waya. Sai na saba da ɗaya, na haddace ta, ta mutu, mu zauna jiran ya kira da wata.

Kiran nasa ma wani wasan ne. A wayata yake kira, tunda Inna ta ce ita ba ta iya waya ba, ƙarya kuwa, don da 'yar'uwarta ta Bagudo sai su cinye kati suna hira. In na buɗe muryar sai ta jawo faifai ta juya baya tana tsintar shinkafa.

"Inna, ina wuni?" in ji shi.

"Ki ce mai lahiya lau."

"Inna, ina jin ki fa."

"Ki ce mai shi riƙe salla."

Hannunta a kan faifan ba ya motsi har a gama. Da ya kashe sai ta ce mini wancan muryarsa kamar da mura, ko ƙasar sanyi gare ta? In ce mata ai da kin tambaye shi. Ta harare ni ta ce ba ni da ta-ido.

Shekarun farko da daɗinsu. Ya yi mana rufin kwano, ya sayi injin ban ruwa, ya yi mini kayan ɗaki da na yi aure a Bagudo. Mutanen gari ba su san wasan ba, amma sun san ɗansu yana ƙasar waje ana tafa masa. Ya taɓa turo wani ɗan bidiyo: ga shi yana gudu da baya, idonsa a sama, ya daka tsalle a jikin katanga ya cafe. Na nuna wa duk wanda ya shigo gidan. Inna ta ce idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa. Da na tafi alwala na bar wayar a kan tabarma, na dawo na tarar da ita a hannunta, ta kasa gano inda ake dannawa ya sake farawa.

Sai kafaɗar ta fara. Hannun daman nan da ya kai shi ko'ina shi ya fara ba shi kunya. Aka yi masa aiki, ya zauna kaka guda, da ya dawo jifar ba ta kai inda take kaiwa. Japan ta sallame shi. Ya koma Turai, inda wasan ba shi da kasuwa, yau wannan gari gobe wancan, yana wasa ƙarshen mako, sauran kwanaki yana gyaran fili. Hulunan suka riƙa zuwa kusa da kusa. Na gane ya gaji tun kafin ya faɗa, don ya daina ba ni labarin wasa, sai tambayar ko an yi shuka, ko kogi ya kawo.

Na ce masa, "Yaya, ka dawo gida mana."

Ya ce, "In dawo in ce mi? Hannu ya mutu, ga ni? Ran da Inna tac ce in dawo, ko tsakiyar wasa nike, aje safar zan yi."

Na same ta da maganar ina murna, a zatona an gama. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ni? Da bakina? Ki ce mai shi tsaya ga abin da yak kai shi."

Ranar na yi mata rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Na ce wace irin kunya ce wannan, mutum ɗanki, ke kika haife shi, kalma ɗaya yake roƙo. Ta ce ita haka ta tarar, uwarta ba ta taɓa kiran wanta ba har ƙasa ta rufe ta, kuma ba wanda ya ce ba ta son shi. Na ce to wa ya tambayi wan naki yadda ya ji? Ta juya mini baya. Na hau kabu-kabu na koma gidana ina kuka don takaici. Su biyun nan kansu ɗaya, taurin kai ne da su kamar an auna da mudu.

Da damina ciwo ya kama Inna. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere. Muka kwanta asibiti a Bagudo, aka sallamo mu da magani, ta ce a mayar da ita ɗakinta. Na koma Geza jinya. Na gaya wa Yaya komai, ban ɓoye ba. Ya ce kakar wasa ta kusa ƙarewa, kuma ana maganar za a sabunta masa in ya kai ƙarshe. Sai ya yi tambayar da na san zai yi.

"Ta ce in zo?"

Na ce, "Ta ce."

Ya yi 'yar dariya mara daɗi. "Ke dai. Inna ba ta hwaɗin haka. Ba ta wayar in ji."

Na kara mata wayar a kunne. Ina jin muryarsa yana cewa Inna, Inna, ya jiki. Leɓenta ya motsa. Na rantse ya motsa. Sai ta juya fuska bango ta ce, "Ki ce mai da sauƙi."

Ba a sabunta masa ba. Kafin kakar ta ƙare ma suka sallame shi, ya ji wata ƙungiya a wata ƙasar tana neman mai tsaron baya, ya tattara jakarsa ya tafi gwaji. Duk wannan daga baya na sani. Abin da na sani a lokacin shi ne lambar ta daina shiga.

Wata rana bayan la'asar ina ba Inna kunu a cokali, ta ture hannuna. Ta dubi ƙusar da hulunan suke. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya shigo gida magariba ta yi. Cokalin ya faɗi daga hannuna. Ta sake kira, ta ce, "Ka zo hakanan." Ba ta ce ki ce mai ba.

Na rarumi waya na danna lambar. Wata mata ta amsa da yaren da ban sani ba, irin muryar nan ta na'ura. Na sake. Na koma tsofaffin lambobin, har ta Japan, har ta Wagadugu, ina dannawa, ina zaginsa, ina zagin wasan, ina zagin wanda ya fara buga ƙwallon nan ta faɗo kusa da shi. Inna ta rufe ido. Washegari da hantsi ta cika.

Bayan an share makoki ya kira da sabuwar lamba, muryarsa cike da murna, wai an ɗauke shi, hular ma shuɗiya ce mai kyau. Na bar shi ya gama sannan na gaya masa.

Bai buga musu ko wasa ɗaya ba. Ya iso lokacin da shinkafa ta fara nuna, da jaka ɗaya da safarsa. Ya je kabari, ya karɓi gaisuwa, ya zauna a ɗakinta yana kallon hulunan. Bai tambaye ni komai ba sai da muka fita gona. Muka tsaya can ƙarshe inda yake tsayawa yana yaro. Jan baki suka karkato, ya sunkuya ya ɗauki hoge, ya ɗaga hannu, hannun ya tsaya a daidai kafaɗa. Ya saki hogen a ƙasa.

"Ta ambace ni?"

Na ce, "Ta kira sunanka. Ta ce ka zo."

Ya dube ni yana neman ƙarya a fuskata, irin ta wancan karon. Bai samu ba. Ya zauna a kan ciyawa.

"Sunana? Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Hwaɗa min yadda tah hwaɗe shi."

Sai a lokacin na tuna ni ma ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya nake cewa tun da na iya magana. Na kira. Sunan ya fito da muryata, siririya, ta mai jin nauyin wanta. Ya rufe ido yana saurare.

"Haka tac ce?"

Na ce a'a, ba haka ba ne, nata ya fi ƙarfi, kuma ta ja ƙarshen. Ya ce in sake. Na sake, bai yi ba. Muka zauna muna kuka, tsuntsaye suna cin shinkafa ba mai korarsu.

Yanzu shi yake noma gonar. Ya yi aure, an haifa masa ɗa, kuma da ya ji matarsa ta fara ce wa jaririn "wancan" sai ya fita daga gidan bai ci abinci ba. Ni kuwa duk zuwan da zan yi Geza, in zan tafi yakan rako ni har bakin hanya. Muna jiran kabu-kabu sai ya kau da kai ya ce, "Ki ƙara gwadawa." In gwada, ya saurara, ya tambaye ni ko ya yi kama. Har yau ban iya ce masa ya yi ba.