Fiya-fiyar da na zuba wa kofin mutanen Mambila

Assalamu alaikum Edita. Ni mutumin Faskari ne, na ba shekara hamsin baya, kuma ba zan faɗi sunana ba. Bokona a aji biyu na sakandare ya tsaya, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Kafin abin nan ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne, irin waɗanda ba su jiran kaya a gari, sai su bi manomi har bakin rumbu. Daga Sheme zuwa Ƙanƙara har Sabuwa babu kasuwar da ba a san ni ba. In na tura hannu cikin buhun wake zan gaya maka na bana ne ko na bara, ya bushe ko da saura. Da wannan sanin nake taƙama, kuma ban yarda akwai mai koya mani ajiyar kaya a duniyar nan ba.

Da 'yan bindiga suka hana noma sai komai ya tsaya. Manoman da nake saye a hannunsu suka watse, wasu Funtuwa, wasu Kaduna, wasu ƙasa ta rufe masu ido. Sitona ya koma wurin kwanciyar awaki. Ina cikin wannan zaman sai wani tsohon abokin ciniki da nake haɗa wa riɗi ya kira ni daga Legas. Ya ce wasu Turawa suna son ɗanyen kofi, wanda ba a soya ba, kuma ba su son ya bi ta hannun dillalai, daga manomi suke so kai tsaye. Ya ce a tsaunin Mambila ake noma shi, yana neman wanda ya iya zama da manoma ya tattara kaya ya ɗora a mota. Ya turo mani takarda shafi huɗu da Turanci, ya ce sharuɗɗan ke nan, in karanta da kyau. Na ce mashi na karanta. Gaskiya shafin farko na duba, kaina ya ɗaure, na ninke na sa a aljihu. Kunya ta hana ni kai wa kowa ya fassara mani.

Haka na shirya na tafi. Mambila wata duniya ce. Sanyi har cikin ƙashi, gajimare yana bi ta tsakanin gidaje kamar hayaƙi. In mutane suna hira ba na jin ko kalma ɗaya, sai sun juyo kaina su yi Hausa. Ɗaki aka ba ni jikin siton ƙungiyar manoman, ni kaɗai, in na gama awo sai in zauna bakin ƙofa in yi ta kallon duwatsu. In na kira gida, labarin wanda aka ɗauke da wanda aka harbe kawai nake ji, har na rage kiran. Mutum guda ne yake zama da ni, shugaban ƙungiyar, wani dattijo siriri da nake ce wa Baba. Shi kuma Alhajin Wake yake ce mani. Ranar da ya fara dafa mani kofin na kurɓa na yamutsa fuska, na ce wannan ai ruwan maɗaci ne, ya yi dariya har da tari, ya ce to ɗacin nan Bature yake tsallako teku yana nema, ni kuma Bakatsine sai an sa mani sukari kamar jariri.

Shi ya zaga da ni gonakin. Ya ce shekara uku suka yi ba su sa takin zamani ba, ba su fesa komai ba, duk shekara wani jami'i yana zuwa ya duba ƙasa da ganye, kafin aka ba su takardar shaidar cewa kofinsu ba magani a jikinsa. Ya ce a kan takardar nan kaɗai Turawan suke saye, kuma shi ya sha wahalar lallashin mutane su haƙura har aka samu. Ya ja kunnena cewa kofi yana shan wari kamar yadda tsumma yake shan ruwa, kada in ajiye kalanzir ko kifi kusa da shi, kada in sa mashi komai. Na ce mashi Baba, tun ban yi gemu ba nake ajiye hatsi. Ya ce ai shi ya sa yake faɗa mani, domin wannan ba hatsi ba ne. Maganar ta yi mani zafi.

Mun tara kusan rabin kayan sai motar da za ta ɗauka ta lalace a hawan dutse, aka ce sai an jira. Wata safiya na buɗe buhu na ɗebo, na ga 'yan ƙwayoyi da huda. A wurinmu huda a jikin wake tana nufin ƙwari sun shiga, in ka yi sake wata guda sai ka tarar da gari. Abin da muke yi kuwa sananne ne: a samo fiya-fiya, ruwan maganin ƙwarin nan na cikin 'yar kwalba, a yayyafa jikin buhuna, a rufe sito. Na yi haka shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce mani don me. Ranar kasuwa ce, kowa ya tafi. Na je na sayo kwalabe, na yayyafa wa buhunan tsaf, na garƙame ƙofa, ina jin na yi wa mutanen nan alheri da ba su san da shi ba. Daga baya na ji cewa hudar tun daga gona take, ƙwaron ya daɗe da fita, mata ne suke tsince irinsu da hannu kafin a ɗinke buhu.

Bayan kwana biyu Baba ya zo da wasu manoma da sabon kaya. Yana shiga ya tsaya ya shaƙi iska, ya kalle ni, ya ce Alhaji, warin me yake ji haka. A nan ne na yi abin da ya fi zuba maganin muni. Na ce maganin sauro ne na fesa a ɗakina, shi ya ratso ta bango. Ya ce ikon Allah, su dai sanyinsu ba ya barin sauro, halan daga Katsina na taho da nawa a jaka. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da na faɗi gaskiya a lokacin, da an ware buhunan da na ɓata, an ceci sauran. Amma in ce na yi kuskure a gaban mutanen da nake yi wa taƙama, bakina ya ƙi. Aka jibge sabon kaya a kan tsohon, mota ta zo, aka loda gaba ɗaya, ni kuma na kamo hanyar gida.

A Legas aka ɗebi samfur aka gwada, aka ga magani. Turawan suka fasa ɗauka, masu ba da takardar shaida suka janye ta, don a ganinsu manoman ne suke fesawa a ɓoye. Abokina ya kira ni yana huci, na ce ban san komai ba. Baba ma ya kira, ya ce in dubi girman Allah in tuna ko na ga wani abu, domin mutanensa sun fara zargin juna, maƙwabci ba ya gaida maƙwabci. Na ce ban ga komai ba. Daga nan na daina ɗaukar wayarsa. Na koma zaman bakin sito a Faskari, ba ciniki, ba abokin hira, ga abu a ƙirji da ko uwar 'ya'yana ban iya gaya wa ba.

Sai da aka shekara biyu na iya kiransa. Na faɗa mashi komai, ban rage ba. Sannan ya ce zuciyarsa ta ba shi tun ranar, amma shi ya tsaya mani a gaban jama'a ya ce ni mutumin kirki ne, kuma ba shi da shaida. Ya ce an sauke shi daga shugabanci, ƙungiyar ta watse, da yawa sun sare itatuwan kofinsu sun shuka masara. Na tambaye shi ko akwai abin da zan iya yi. Ya ce da sai ya ce in zo in faɗa a gabansu, amma yanzu ba sauran waɗanda za a tara. Ya tambayi lafiyar iyalina, ya yi mani sallama. Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Na daɗe ina ɗora wa 'yan bindiga laifin lalacewata, kuma suna da nasu. Amma su da bindiga suka raba manoma da gonakinsu, ni da kwalba da ƙarya na yi. Ku 'yan uwana masu bin ƙauyuka kuna tattara riɗi da citta da zoɓo don a fitar waje, in an ba ku takarda ba ku gane ba, ku nemi mai karanta maku, ba wanda ya taɓa mutuwa don ya ce bai sani ba. In manomi ya ce kada a sa wa kayansa abu, ku ji, ya fi ku sanin abin da ya shuka. In kuma kun riga kun yi ɓarna aka tambaye ku, ku faɗa a ranar, tun ana iya ware buhu. Ni na faɗi tawa gaskiyar, amma lokacin da na faɗa ba ta da sauran amfani ga kowa.