Baba Dafa-Dutse, Mai Ɗakin Jar Fitila

Kafin in buɗe shagona na ɗinki kowace safiya, Baba Dafa-Dutse ya riga ya gama share ɗakin aikinsa. Shagona yana kallon garejin wankin mota da gyaran fenti, titi ne kawai tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa a kansa yawanci idona ne ya gani, wanda ban gani ba kuwa zan faɗi wanda ya gani. Shararsa ba irin ta kowa ba ce. Sai ya yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi, ya goge bango da jiƙaƙƙen tsumma, ya sauke labulen roba a bakin ƙofa, sannan ya turo fitilunsa biyu masu tayoyi tsakiyar ɗaki, ya goge musu fuska kamar mai shirya yara zuwa makaranta. Ba a shiga ɗakin nan da takalmin da ya taka waje, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya ne kawai yake karya wannan doka, wato mai garejin, shi ma don Baba yana jin nauyinsa ne.

Ga wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Idan an wanke mota an goge fentinta tas, akwai wani man kariya, garai-garai kamar ruwa, da ake shafawa a kan fentin da ɗan soso, a bi shi da tsumma mai laushi. In ya ƙame yakan yi tauri, ya tsare fenti daga rana da ruwan sama da kashin tsuntsu. Amma kafin ya ƙame ɗanye ne, ɗigon ruwa ya isa ya ɓata shi. A nan aikin Baba yake. Yana haska wa motar jar fitila mai fitar da zafi, ƙofa bayan ƙofa, daga murfin inji har zuwa baya, yana auna zafin da wata 'yar na'ura, ya matso da fitila ko ya ja ta baya. Baƙar mota tana saurin ɗaukar zafi, fara tana da taurin kai, bamba kuwa roba ce, in ka matsa mata sai ta lanƙwashe. Ba ya zama, ba ya ɗaga waya, ba ya barin fitila a kunne ya fita ko shan ruwa. Direbobin da suka gaji da jira ne suka laƙaba masa sunan. Wai an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to ga wanda ya gama da dutse ya koma kan mota.

Ya taɓa gaya mini cewa fitila ba ta gyara aiki, abin da ta tarar shi take tabbatarwa. In man ya taru a wani wuri ba a goge ba, aka haska shi, tabo ya zauna daram ke nan, sai an kankare da inji an sake daga farko. Shi ya sa kafin ya kunna yakan zagaya motar da 'yar tocila, yana karkata kai, yana leƙa ƙarƙashin kowane mariƙin ƙofa. Ni tela ne, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Duk wanda ya taɓa ɗora dutsen guga a kan karkataccen kari ya san abin da ake nufi.

Mai gadin garejin ne ya ba ni labarin wata baiwar Allah da ta kawo motar mijinta bayan rasuwarsa. A gefen mariƙin ƙofar direba akwai 'yan ƙananan zane-zane a fenti, masu goge fenti har sun ɗauko inji za su share su, don aikinsu ke nan. Baba ya lura cewa lokacin da take miƙa makulli yatsunta suna kan wurin. Ya tambaye ta a hankali, ta ce zoben maigidanta ne ya yi su, kullum in zai buɗe ƙofa sai ya goga. Baba ya sa aka goge ko'ina aka bar wurin, ya shafa man kariya a kai, ya haska shi da kansa. Har yau in ta bi ta titinmu takan rage gudu ta ɗaga masa hannu.

Kai ne, Baba, wanda yake kallon hannun mai mota kafin ya kalli motar. Kai ne mai hana mota fita in hadari ya haɗo, ko da mai ita zai zazzaga maka faɗa har ya gaji. Sannu, dattijo, mai dafa ƙarfe ba tare da ya ƙona shi ba.

Bara idonsa ya fara yi masa gardama. Likita ya ce yanar ido ce, za a iya cirewa, amma Baba bai jira an gano shi ba, da ƙafarsa ya je ya gaya wa mai gareji cewa lokacin ajiye aiki ya yi. Mai gareji ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne dai. Ya ce samari da yawa sun gwada ɗakin sun gudu, ba mai haƙurin tsayuwa gaban zafi, don haka in Baba ya tafi zai sayar da fitilun ya mai da ɗakin wurin ajiyar tayoyi. Na ji zafin maganar nan har cikin raina, kuma na san ta fi yi wa Baba ciwo a kan idon.

Baba ya ce akwai mai riƙe ɗakin, kuma tana cikin garejin. Maman Biyu yake nufi, matar da ta daɗe tana wanke kujeru da shimfiɗun ƙasan motoci. Ashe duk ranar da ta gama nata aikin da wuri takan cire takalmi ta shiga wurinsa, tun tana miƙa tsumma har ta kai ga riƙe na'urar auna zafi. Mai gareji ya yi dariya, ya ce masu manyan motoci ba za su yarda mai wankin kujera ta haska musu fenti ba. Da Baba ya nace, sai ya ce to, zai zo ya tsaya a kan motar ƙarshe, Baba ya shafa, ita ta haska. In bai gamsu ba, fitilu sun tafi.

Ranar na bar wandon wani a kan keke na tsallaka titi. Babbar baƙar mota ce, irin wadda ba ta rufa wa kowa asiri. Ni da mai gareji muka tsaya bayan labulen roba muna kallo. Baba ya shafa ya goge da kansa, ya zagaya da tocilarsa kamar kullum, ya gyaɗa kai, ya kai hannu zai kunna fitila ya miƙa wa Maman Biyu.

"Baba, dakata," in ji Maman Biyu.

Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji, don ba a taɓa jin ta tsayar da shi a kan komai ba. Ta nuna ƙofar baya, ƙarƙashin mariƙi, inda man ya taru ya yi wani ɗan duhu da bai wuce faɗin babban yatsa ba. Baba ya sunkuya ya haska. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa fenti. Ya daɗe a haka.

Na san mafitar da take gabansa. Da ya ce da gangan ya bar tabon don ya gwada ta, wallahi duk da mun yarda, ya tafi da girmansa ba ko ƙwarzane. Sai ya miƙe ya juyo wajenmu.

"Maigida, ban gani ba," ya ce. "Ko yanzu da ta nuna mini, ba na ganinsa. Da na kunna, da na dafa maka tabo a motar mutane. Ita ta gani."

Ya ɗora mata tocilar a tafin hannu, ya ja da baya ya jingina da bango. Ta goge wurin, ta sake zagaya motar da idonta, sannan ta kunna. Ɗakin ya yi jawur. Ta bi motar gaɓa-gaɓa, ta ja fitila baya da ta iso bamba, gumi yana zuba ba ta ko share ba. Wayarta ta yi ta ƙara a aljihu har ta gaji ta yi shiru. Da ta kashe fitilar ƙarshe, mai gareji ya ɗaga labule zai shiga ya duba da kyau.

"Maigida," ta ce, "takalminka."

Ya kalle ta, ya kalli ƙafarsa, ya kalli Baba da yake ƙoƙarin danne dariya. Sannan ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, abin da bai taɓa yi ba tun da aka gina ɗakin. Ba a sake maganar tayoyi ba.

Mun gode, Baba. Mun gode da motocin da ka tsare wa mutane, amma mun fi gode maka da kalma ukun nan, "ban gani ba", da ka faɗa a gaban maigidanka, a ranarka ta ƙarshe, lokacin da ƙarya ɗaya za ta rufa maka asiri. Ku masu sana'a da kuka manyanta, ku waiwaya ku ga wanda yake miƙo muku tsumma, ku koya masa tun idonku yana gani, kuma ranar da ya ga abin da ya wuce ku, ku faɗa da bakinku. Ni ma na fara barin mai taya ni ɗinki tana yanka yadi.

Yanzu kafin in buɗe shago, Maman Biyu ta riga ta yayyafa ruwa ta goge wa fitilu fuska. An sa wa Baba ranar aikin ido. Da na je gaishe shi na tambaye shi abin da yake ɗokin gani in an cire yanar, na zaci zai ce jikokinsa. Ya ce jikoki suna nan, ya san fuskokinsu. A kai shi gareji tukuna, yana so ya ga aikin 'yarsa Maman Biyu da idonsa.