Tsutsotsin Baba Hamidu

Yau da safe mahaifiyata ta kira ni a waya: Baba Hamidu ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidanmu a unguwar Safa ya san shi. Shi ne haris, mai gadin gininmu, dattijon da ya zo aikin Hajji daga tsaunin Mambila, ya zauna. Shi yake tsallaka da ni titi ina firamare. Shi yake ɓoye mini ƙwallo idan mahaifina ya yi rantsuwar zai fasa ta.

Yana da bishiyar lemon tsami a cikin rabin duro a bakin ƙofa. Ba ta taɓa yin 'ya'yan kirki ba, saboda tsutsa tana cinye ganyenta.

Bara, da na kammala digirina a fannin noma, na ɗauki lamarin a matsayin matsalar da ke jiran masani. Ban shawarce shi ba. Yana masallaci na sayo magani na feshe ta sarai.

Da ya dawo sai ya durƙusa yana tsince matattun tsutsotsin daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya.

"Ya duktur," in ji shi, yana kirana dokta da Larabci, "ai ba lemo nake nomawa ba. Su nake kiwo."

Tsutsotsin nan su ne suke rikiɗa su zama malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon rawaya, irin wanda yake gani a gangaren garinsu yana yaro. Na san wannan a littafi, har jarrabawa na ci a kansa. Ban taɓa tambayar dalilin da mutum zai yi shekaru yana shayar da bishiyar da ba ta ba shi komai ba.

Ya ce, "Su kaɗai ne 'yan garinmu da ke zuwa gaishe ni babu biza, babu iƙama ta izinin zama."

Maimakon in ba shi haƙuri, lacca na yi masa a kan illar ƙwari ga amfanin gona. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Halas, shi ke nan, duktur, ka fi ni karatu." Ya zuba mini shayi.

Juma'ar da ta wuce ya ɗago mini hannu ina cikin mota, yana nuna wani ganye. "Zo ka gani, sun dawo!"

Na ce, "Sai na dawo, Baba."

Shekara guda ina tsara jawabin neman afuwa mai ma'ana. Ni da ake zolaya da yawan manyan kalmomi, "ka yafe mini" ce ta gagare ni.

Ya Allah Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka saukar da shi a lambunan Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah Ya sa ya yafe mini tun kafin in tambaya.