Tsohon da ya ce in ji da masu jini tukuna

Shekarun baya, ina sabuwar nas a wani ƙaramin asibiti can ƙauyukanmu na wajen Makoda. Lokacin kaina rawa yake, farar riga ta sha guga, gani nake babu abin da ban sani ba.

Wata ranar kasuwa bayan azahar, tayar wata bas ta fashe, motar ta faɗa gonar dawa. Aka kwaso mana mutane a babura. Abokiyar aikina tana ɗakin haihuwa, likita kuwa ba ranar zuwansa ba ce, don haka ni kaɗai ce a ɗakin taimakon gaggawa.

Cikin waɗanda aka kawo akwai wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi, gilashi ya yanke shi a goshi. Ciwon goshi akwai zubar da jini, amma irin nasa ba ya kisa, na sani sarai, an koya mana. Sai dai Alhaji ya cika ɗakin da salati da ihu, ƙannensa uku da suka biyo shi a motarsu suka sa ni a tsakiya.

Babbansu ya ce, "Ke Malama, ba ki san ko wane ne wannan ba? Wallahi in wani abu ya same shi, sai kin bar aikin nan!"

A kan benci kusa da ƙofa, wani tsoho manomi da aka kwaso tare da su na zaune, ya dafe haƙarƙarinsa na hagu. Ko ɗigon jini babu a rigarsa. Na ce, "Baba, ina ke yi maka ciwo?"

Ya ce, "Da sauƙi 'yata, alhamdulillahi. Ji da masu jini tukuna. In da hali dai a taimaka min da ruwa."

Ni da na tashi a ƙauye, ni da na san mahaifina ko zazzaɓi ya kwantar da shi "da sauƙi" zai ce, sai na yarda. Ban taɓa hannunsa ba, ban auna jininsa ba. Na koma ina yi wa Alhaji ɗinki, yana ta jaddada min in bi a hankali kada tabo ya fito. Har madubi ya sa aka nemo masa.

Ban gama ba na ji faɗuwa. Tsohon ne a ƙasa, gumi ya jiƙa shi sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau, cikinsa ya yi tauri kamar katako. Ashe tun ɗazu jini ke zuba a ciki. Na ɗaura masa ruwa, na roƙi ƙannen Alhaji su kai shi Kano. Babban ya ce ai yayansu bai daina jin jiri ba, motar ba za ta gusa ba. Har yau in na tuna fuskar mutumin nan sai zuciyata ta tafasa.

Kafin a samo wata motar la'asar ta wuce. Ba su kai Ungogo ba ya cika.

Bayan sadakar bakwai, babban ɗan tsohon, magidanci mai furfura, ya zo asibiti da kwanon gyaɗa ɗaure a ƙyalle. Na ɗauka faɗa ya kawo shi, kuma da na fi son haka. Sai ya rusuna ya ce, "Malama, godiya na zo yi. An ce duk cikin hayaniyar nan ke kaɗai kika tsaya kika tambayi Baba jiki. Allah ya saka. Kwana ne ya ƙare."

Ban musa ajali ba, amma haushi bai taɓa sakina ba. Ina jin haushin masu baki da ke cinye layin masu kawaici, da tarbiyyar da ta koya wa talaka cewa faɗin ciwo raki ne, uwa-uba haushin kaina. Yanzu duk ɗalibar da aka turo min nakan ce mata mai ihu yana da numfashi, ta fara da wanda ya yi shiru. An sha kai ƙarata, har suna aka sa min, nas mai baƙin hali. Na amsa.

Gyaɗar kuwa na karɓa, don mayarwa cin fuska ne. Ta shekara a ɗakina, na kasa ci, na kasa bayarwa.