Na je tausar ciki, aka tura ni asibiti

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni! Wata biyu cikina na kumburi, ina ta shan kanwa a banza. Yau na tashi daga Yashe zuwa Kankia, wurin wata Madam mai tausar ciki a hankali. Tana ɗora hannu ƙasan cibiyata ta tsaya cak.

Ta ce, "Hajiya, ba zan danna cikin nan ba. Je ki asibiti yanzu."

Na garzaya asibiti. Aka gwada ni, wai juna biyu ne, wata huɗu! Ni da autana ke shirin aure! Na kira maigidana Malam sau tara, yana gona, wayar ta ƙi shiga. Wallahi na kasa zama!