Fuskar Buhu

Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku, Baba ya kira ni bayan gida ya sakar mini gona. Gwiwoyinsa sun gaji da jan jigo. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai "kai wanga". Ya ce, "Kai wanga, daga bana kai ad da gona. Abin da kac ce, shi za a yi." Na ji daɗi ƙwarai. Ban san cewa da gaske yake ba, har ranar da na bukaci ya tsawata mini ya ƙi.

Mu a Aliero albasa ce abincinmu, ita ce suturarmu. Nomanta kowa ya iya, ajiyarta ce gwaninta. Da bazara in an cire, sai a zuba ta a rudu, wato wani gado na kara mai dogayen ƙafafu da jinka a kansa, iska na shiga ta ƙasa. Duk bayan kwana uku a bi a juya, a tsame wadda ta yi laushi kafin ta shafa wa 'yan'uwanta. Tamu ja ce, mai ɗan siririn wuya, ga tauri. Ta mutane takan fara kuka da ruwa tun tsakiyar damina, tamu kuwa sai ta ga kaka da idonta. Daga kakana aka gaje ta.

Abin da ke riƙe da wannan iri shi ne uwaye. Kowace shekara Baba yakan zauna gaban tarin albasa wuni guda, ya ɗauki ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya jinjina ta a tafi, ya shinshina. Cikin ɗari da kyar ya ware ɗaya. Waɗannan su ake binnewa bayan damina su yi fure su ba da baƙin iri, kuma a wani lungun fadama yake shuka su, su kaɗai, don ya ce in ta yi makwabtaka da wata albasa halinta canzawa yake. A shekarar da ta gabata wata cuta ta faɗa wa furen, kawunan suka bushe ba ƙwaya ko ɗaya. Saboda haka duk abin da ya rage mana na irin kakana kwando ɗaya ne na uwaye, rataye a ɗakin Baba. Ni na san haka sarai, ba zan ce ban sani ba.

Mai sayen albasarmu kuwa mutum ɗaya ne, wani Bazabarme daga ƙasar Faransa, wato tsallaken iyaka inda Faransawa ke mulki, tsaran Baba. Ubansa ya yi ciniki da kakana tun Turawa ba su zo sun ja layi tsakaninmu ba. Duk damina yakan biyo ta Kamba da jakunansa ɗauke da gishiri, ya kwana uku a zaurenmu, su yi ta hira da Baba cikin Hausa rabi Zabarmanci rabi, ya loda albasa ya koma. Ba mai taɓa rudunmu sai ya zo.

To, a wannan lokacin ne aka ce Turawa sun fara haɗa kayansu, mulki zai dawo hannun 'yan ƙasa. Jam'iyyu suka ɓullo. Ni kuma na yi ajin yaƙi da jahilci, ina iya haɗa baƙi in karanta takarda da yatsa, sai na ɗauki kaina wani abu. Na yanki kati, aka ce ni ne magatakardan unguwarmu. Alƙalamin da nake sokewa a aljihu ko tawada babu a cikinsa.

Jam'iyyar tamu a can sama ba lafiya take ba. Wanda ke riƙe da ita zai koma gefe, manya biyu suna ja-in-ja a kan kujerar. Ko ɗaya ban taɓa gani ba. Amma wakilinmu na Jega, wani dogo mai daɗin baki, yana bayan ɗaya daga cikinsu, mu ma muka bi. In ya hau tebur yana lacca, maganarsa ɗaya ce: Faransawa sun tsawwala kuɗin kwastan a kan kayanmu, suna tsare fatake a bakin iyaka, nasu kayan kuwa na shigo mana salin-alin. Ya ce mu daina sayar musu da ko ƙwayar albasa. In mutuminmu ya hau, manyan motoci za su zo daga Kudu su kwashe abin da muka noma da daraja. Gaskiya akwai gaskiya a cikin zancen kwastan ɗin. Abin da ban yi tunani ba shi ne, wanda ake tsarewa a bakin iyakar baƙon Baba ne.

Ya iso a makare, ruwa ya riga ya zauna. Jakunansa ba su kai rabin na kullum ba, shi kansa ya rame. Bayan an ci abinci ya ba da labarin kwanakin da ya yi a hannun ma'aikatan iyaka, da gishirin da suka rage masa. Ya ce bana ba zai iya saye kamar yadda aka saba ba, sai an sassauta masa. Ya dubi Baba. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga mai gona."

Na gyara zama, na dubi baƙon na ce, "Baba, bana dai ba mu saisuwa ga mutanen Faransa. An hana."

Baƙon ya ce, "Wa ya hana, ɗana?"

Na ce, "Jam'iyya."

Ya ce, "Ni ban san Faransa ba. Gidan ga ni sani. Ranar sunanka ina zaune nan inda nike."

Na ce ai zamani ya canza, har na ƙara da wasu kalmomi da na haddace a wurin lacca. Ina magana ina satar kallon Baba, ina jira ya ce mini kul. Da ya ce, wallahi da na bari, don tun a lokacin kunya ta fara kama ni. Bai ce ba. Yana ta murza carbinsa, idonsa a ƙasa. Washegari baƙon ya ɗaure wa jakunansa mangala ba komai a ciki, ya ajiye wa Inna gishirinta kamar kullum, ya nufi Maiyama ko zai sami mai sayar masa. Baba ya raka shi har bayan gari da sandarsa, ya daɗe bai dawo ba.

Ba a yi mako biyu ba saƙo ya zo daga wakili. Mutuminmu zai biyo ta Jega da motoci a bayansa. Kowane ɗan jam'iyya ya kawo albasarsa bakin kasuwa a jera, babban baƙo ya ga arzikin ƙasar da ke goyon bayansa. Ko yaron goye a Aliero ya san ba a sa albasa a buhu da damina sai in mota na tsaye, don in ta bar rudu kwanakinta ƙidayayyu ne. Na ce ai motar tana hanya.

Muka ɗura. Akwai abin da muke kira fuskar buhu: in ka cika, sai ka zaɓi mafi kyau ka jera a baki, a ɗinke da igiya sama-sama yadda mai saye zai gani. Ba ha'inci ba ne, kowa na yi, mai saye ma ya san da haka. Na jera tawa fuskar na ja da baya na duba, sai na ga ba ta fi ta kowa ba. Ni kuwa magatakarda ne, so nake in babban mutum ya zo ya tsaya a gaban buhunana ya tambayi na wane ne. Ranar Baba ya tafi Gehuru ta'aziyya, zai yi kwanaki a can. Na shiga ɗakinsa na sauko da kwandon.

Matata ta gan ni a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, wagga ba ta Baba ta ba?"

Na ce, "Aro ni kai. In an gani, kahin a loda in musanya ta in maido."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da dakanta.

Buhunan sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. A Jega mutane suka riƙa tsayawa suna kallo, wani dillali ya taya tun ranar farko da farashin da ko baƙon Baba bai taɓa ba mu ba, na ce ba ta sayarwa ba ce, ta jam'iyya ce. Kwana ɗaya, biyu, uku, ba mota. Wakili ya ce gobe. Rumfunan kasuwa duk sun cika, namu buhunan a fili suke, mun rufa musu zana. Na yi niyyar kwance fuskar in mayar gida, sai in ce to in ya iso yau fa? A rana ta huɗu da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta yaye zanar ta jefa ta wajen gulbi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Abin da ke bakin buhu shi ya fara sha. Na kwance su a cikin ruwan ina tsinto uwayen ina zubawa a riga, amma wuyansu ya riga ya jiƙe. Kwana biyu bayan nan rana ba ta fito ba.

A rana ta shida labari ya zo cewa manya sun zauna a can sun sasanta, kujera ta tafi ga ɗayan. Mutuminmu ya yi mubaya'a, an ba shi wani muƙami, ba zai zo Jega ba. Wakili ya hau keke ya tafi Birnin Kebbi yi wa sabon shugabanci barka. Da ya dawo lacca ta canza, ba a sake jin zancen Faransa a bakinsa ba. Ban riƙe shi a zuciya ba sosai, shi sana'arsa ya yi. Ni ne na bar tawa.

Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa buhu-buhu ba, Allah kada ya nuna masa. Masu rumfuna suka fara toshe hanci suna ce mana mu kwashe. Ina tsugune ina tsince abin da zai tsintu, sai na ga ƙafafun jaki a gabana. Baba ne. Ya dawo ya tarar da igiya ba kwando, matata ta gaya masa. Na miƙe. Ya ce, "Kama ni in sauka."

Na shimfiɗa masa uwayen a kan buhu. Ya zauna a ƙasa cikin caɓi da fararen kayansa na ta'aziyya, ya ɗauki ɗaya ya danna wuyanta, ruwa ya fito. Ya ajiye ta a hagu a hankali, ba jifa ba. Ya ɗauki wata. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, mutanen kasuwa suna wucewa suna gaishe shi yana amsawa. Da ya gama, huɗu ne a damansa. Ya ƙulle su a bakin rawaninsa.

Na ce, "Baba, ka yi mini hwaɗa."

Ya ce, "Gonarka ta."

Na fi son da ya mare ni a gaban duk Jega. Na yi kuka a wurin, ina da 'ya'ya uku, ban ji kunyar kowa ba.

Huɗun nan ya shanya su a ɗakinsa, yana juya su safe da yamma. Biyu suka bi sauran kafin kaka. Biyu muka binne a lungun fadama, ɗaya ko tsirowa ba ta yi ba, ɗayar ta tsiro ta yi ganye kamar za ta yi, sannan ta kwanta. Da aka tono ta, cikinta baƙi ne.

Akwai wani manomi a Maiyama da Baba ya taɓa ba iri shekarun baya. Muka je, ni a ƙasa shi a kan jaki. Mutumin da ake sallama a ƙofarsa ana roƙon iri, yau shi ne ke sallama a ƙofar wani. Manomin ya karɓe mu da mutunci, ya cika mana ɗan ƙoƙo, amma ya faɗi gaskiya cewa a tsakiyar albasar mutane yake shuka uwayensa. Baba ya tambaye shi ko Bazabarmen ya biyo. Ya ce ya biyo, ya sayi kaɗan, ya ce ƙafarsa ta gaji da wannan hanya. Bai sake zuwa ba, kuma ba mu sami wanda za mu aika wa da gaisuwa ba.

Irin Maiyama ya yi albarka, a ido. Da bazara muka cire, ga ta nan manya-manya, wata ja, wata fara-fara, wata mai wuya kamar na tulu. Na tara ta a inuwa, na shimfiɗa tabarma, na je na kamo hannun Baba na zaunar da shi gaban tarin. Sai a ranar na tuna cewa shekara talatin ina ganin yana danna wuyan albasa, ban taɓa tambayarsa abin da yatsansa ke nema ba. Na ce, "Baba, ka gwada mini yadda aka zaɓen uwa."

Ya ɗauki ɗaya, ya jinjina, ya kai hanci. Ya ɗauki ta biyu. Ya mayar da su kan tarin, ya share tafinsa a gwiwa.

Ya ce, "Ɗauki wadda kag ga dama, kai wanga. Duk ɗai na."

Ya nemi sandarsa, na miƙa masa. Bai kai wata bazarar ba.